In An Hana Yaro Daɗin Kowa, Me Aka Bar Masa?



Tun da labari ya iso mana a watan Mayun 2025 cewa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta dakatar da finafinai masu dogon zango guda 22, cikinsu har da Labarina da Daɗin Kowa da Manyan Mata, wasu daga cikin malamanmu da dattawanmu na nan Libreville suka samu sandar da suka daɗe suna nema. Hujjarsu ita ce, tunda Kanawa da kansu sun gaji da kayansu, mu da muke nesa me zai sa mu ci gaba da buɗe masa ƙofa? Har yanzu maganar ba ta mutu ba. Ta kai ga ana neman a yi sanarwa bayan sallar Juma'a, kowane magidanci ya hana kallon fim ɗin Hausa a gidansa. Muna girmama masu wannan ra'ayi, a gaban wasunsu muka durƙusa muka karanta Ahalari da Ishmawi, amma a wannan gaɓa ba mu tare da su, kuma za mu faɗi dalili a fili.

Da farko a gyara labarin. Abin da hukumar ta ce shi ne an saki waɗannan finafinai ba tare da an kawo mata ta duba ba. Rigima ce ta bin ƙa'ida tsakanin hukuma da masu sana'a, kuma da yawansu sun ci gaba da fitowa bayan haka. Wanda ya ɗauko wannan ya mayar da shi fatawa, ya ɗora wa maganar kayan da ba nata ba.

Sannan a dubi inda muke zaune. Kano daban, Derrière la Prison daban. Yaron Fagge ko na Kurna, ko an fasa talabijin ɗin gidansu, da ya leƙa ƙofar gida Hausa ce za ta tarye shi: mai shayi, mai kayan miya, ɗan adaidaita, liman, duk da ita suke magana. Namu fa? Ya tashi da safe ya tafi makaranta, Faransanci. Ya dawo ya shiga ƙwallo da 'ya'yan Fang da Punu da Myene, Faransanci, domin su ma da shi suke magana a tsakaninsu. Ya bi mahaifinsa shago a Mont-Bouët, ciniki da Faransanci. Hatta a makarantar allo, sau da yawa in malam zai fassara masa abin da ya karanta sai ya koma Faransanci don ya tabbata yaron ya gane. Hausar da ta rage masa ita ce ta umarni: zo nan, tashi, kawo ruwa, ka yi salla? Harshen da ba a jin labari da shi, ba a dariya da shi, ba a jin yadda manya ke yin rarrashi ko ba'a ko zaurance da shi, ya kama hanyar kushewa ko da masu shi suna raye. 'Yan'uwanmu na Oyem da Bitam da Minvoul, waɗanda kakanninsu suka gangaro ta Kamaru da fatauci fiye da shekara ɗari da suka wuce, sun riƙe harshen ne saboda suna da unguwa tasu, ƙofa na kallon ƙofa. A babban birni mun warwatse, gidan haya nan, gidan haya can. Abin da unguwa take yi wa yaro a da, yau, ko mun so ko mun ƙi, wani ɓangarensa akwatin nan ne yake yi.

To in an kashe masa Hausa, ina zai nufa? Kowa ya san amsa, sai dai a ƙi faɗa. Zai matsa maɓalli ya koma Novelas TV, inda ake sumbatar juna tsakar rana, a cikin harshen da ya fi mu iyawa. Ko ya koma finafinan Indiya da aka juya zuwa Faransanci. Ko kuma, wanda ya fi duka muni, ya ja wayarsa ya shige ɗaki, inda babu uba babu uwa babu hukumar tacewa. Masu neman a hana fim ɗin Hausa ba su taɓa kawo shawarar a cire tauraron ɗan'adam daga rufin gidajensu ba, domin a nan suke kallon ƙwallo da labaran duniya. An bar jaki ana dukan taiki.

Mu kam mun zauna mun kalla, ba ji muka yi a bakin wani ba, kuma abin da muka gani ba ɗaya ba ne.

Daɗin Kowa, wanda tashar Arewa24 ta daɗe tana nunawa, shi muke sa wa a gaba, kuma ba mu jin nauyin faɗa. Gari ne na talakawa, da mai shayinsa da malaminsa da 'yan zaman kashe wandonsa da baƙinsa waɗanda ba Hausawa ba, kowa da halinsa. Gidan Kamaye da Adama kaɗai ya isa makaranta: yadda talauci ke sa miji kame-kame, yadda mace ke harbin mijinta da magana ba tare da ta ɗaga murya ba. Hausar cikinsa irin wadda iyayenmu suka zo da ita ce, mai karin magana da habaici, ba a yi mata kwalliyar aro ba. A wani gida a nan unguwar mun ji yarinya 'yar shekara tara, wadda ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, ta gaida kakarta da "ina gajiya, ya ƙarfin jiki", tsohuwar ta tsaya tana kallonta. Da aka bincika, a fim ta ɗauka. Kuma wannan zaman cuɗanya na Musulmi da Kirista a gari ɗaya da shirin ke nunawa, ai shi ne rayuwarmu ta kullum a Gabon, inda mu ne 'yan kaɗan.

Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi abin dariya ne, amma dariyar mai cizo ce. Attajiri ya tara 'ya'ya rututu bai tarbiyyantar da su ba, ga shi a keken guragu, su kuma sun kewaye shi kowa na lissafin abin da zai samu. Duk wanda ya taɓa zama a wajen rabon gadon ɗan kasuwar da ya rasu a nan, ya bar iyali a Libreville, ya bar wani a Garwa ko Maraɗi, ba ya bukatar a yi masa sharhi. Da ma magidanta ne suka fi kallonsa, ba yara ba.

Kwana Casa'in, da jiharsa ta ƙirƙira mai suna Alfawa da gwamnanta Bawa Maikada wanda Sani Mu'azu ya fito a matsayinsa, na manya ne da samari masu hankali. Mu da muka kwana muka tashi da juyin mulkin 30 ga Agustan 2023, muka kuma ga zaɓen Afrilun 2025, ba baƙi ba ne ga yadda mulki ke juya mutane. Amfaninsa a wurinmu shi ne yana ba matashi kalmomin da zai yi zancen siyasa da Hausa, abin da yawancin samarinmu ba sa iyawa sai sun tsallaka Faransanci. Manyan Mata kuwa ya taɓo almajiranci da sakin aure da wulaƙanta mata. Akwai wuraren da ya cika kuka da dogon jawabi, amma tambayar da ya yi wa uban da ke tura ɗan shekara shida wani gari ba guzuri tambaya ce da malamai ya kamata su riga 'yan fim yi.

Yanzu ga inda za mu ɓata wa wasu rai. Izzar So shi ne wanda masu tsananin ra'ayi suka fi yi wa sassauci, saboda Umar Hashim ba ya buɗe baki sai da nasiha. Mu kuwa a nan muka fi jin tsoro. A cire nasihar a dubi abin da ya rage: kamfani, kujerar shugabanci, manyan motoci, makirci kan dukiya. Jarumin ba ya kuskure, abokan gabarsa ba su da wani alheri, kuma sakamakon taƙawa a kullum shi ne ƙarin matsayi. Yaron da ya taso a kan wannan zai ɗauka duk mai tsoron Allah sai ya yi kuɗi, wanda bai yi ba kuwa da sauran gyara a imaninsa. Malamanmu da suka rasu ba su bar komai ba sai buzu da littattafai, a ina za a sa su cikin wannan lissafi?

Labarina na Aminu Saira ya fi su duka kyan aiki. Hoto, sauti, tsarin labari, babu na biyunsa a abin da muka gani, kuma Rabi'u Rikadawa a matsayin Baba Ɗan Audu gwani ne da ba a jayayya. Amma labarin Mainasara, attajirin da ya ɓoye dukiyarsa ya shiga rigar talaka don ya gwada wadda za ta so shi tsakani da Allah, ya bar mana ƙaiƙayi. Ana cewa darasinsa kada a raina talaka. Mu abin da muka ga 'yan mata sun ɗauka shi ne, yi haƙuri da talaka, wataƙila mai kuɗi ne ya ɓad da kama. Talakan gaske, wanda zai kwana talaka ya tashi talaka, mai tura baro a Mont-Bouët ko mai gadin kanti, har yanzu ba a yi fim ɗin da ya ce a so shi a yadda yake ba. A kalla, amma uba ya kasance a wurin ya yi wannan tambaya da babbar murya.

Finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa, irin na su Algaita, a nan muna tare da malamai kusan ɗari bisa ɗari. Masu fassarar suna da kaifin baki, ba a hana su wannan, amma abin da yaro ke kwasowa shi ne kirarin 'yan daba da baƙar magana, ga sara da suka daga farko har ƙarshe. Wanda Hausarsa ta cika zai iya tace abin da ya ji. Wanda a nan yake koyonta, zai tashi yana yi wa kawunsa magana da harshen ɗan ta'adda yana tsammanin gwaninta ce.

Su ma masu shirya finafinan muna da ƙorafi a kansu, in Allah ya sa wannan rubutu ya kai gare su. Ku rage Turanci. Duk sanda aka nuna mai ilimi ko mai kuɗi, sai ya yi rabin maganarsa da Ingilishi, kamar Hausa ba ta iya ɗaukar zancen ofis ko na asibiti. Ku a wurinku ado ne. Mu a Gabon, da 'yan'uwanmu na Nijar da Cadi da Kwaddibuwa da yawancin Kamaru, toshe mana kunne kuke yi: tsohuwa ba ta ji, jikanta ma da ya yi boko ba ya ji, domin bokonsa na Faransa ne. Fassarar da kuke rubutawa a ƙasan hoto ita ma Ingilishi ce. Kuna ƙirga mu cikin miliyoyin da suka kalla a YouTube, amma ba ku tuna da mu a lokacin rubutu. Kuma har yau muna jiran labarin Bahaushen da ya fita. Al'ummar da ta kai goro da fata da alkyabba tun daga Gwanja har bakin wannan teku, a ce finafinanta sun ƙare a falo uku da harabar otal? Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin tafiya ne da rabuwa da gida, shi ya sa har gobe yake taɓa zuciyar baƙo. Mai Martaba, da Najeriya ta aika gasar Oscar ta 2025, ya nuna ana iya fita daga falo in an so. Ali Nuhu yana riƙe da Hukumar Finafinai ta Najeriya tun Janairun 2024. In akwai lokacin da ya dace a waiwayi Hausawan waje, yanzu ne.

Af, tunda zancen kallo ake, samarinmu su nemi Dôlè na Imunga Ivanga, wanda ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Carthage a shekarar 2000. Ba na Hausa ba ne, labarin yaran Libreville ne da talauci ya tura su ga sata da mafarkin cin caca. Titunan da ke ciki su ne waɗanda 'ya'yanmu ke bi kullum, kuma jarabar da ke ciki ba ta tambayar ƙabila.

Ba mu ce babu ɓarna ba. Rawa da waƙa tsakanin namiji da mace ba tarbiyyarmu ba ce, kuma alhamdu lillahi masu dogon zangon nan sun rage ta ƙwarai in aka kwatanta da finafinan kaset na shekarun baya. Mun san gidajen da ake kiran Magariba ba mai motsi saboda ana tsakiyar shiri. Mun san matan da tuwonsu ya ƙone. Amma maganin wannan yana hannun mai gida: shi ya san lokacin da za a kunna da lokacin da za a kashe. Magidancin da ke fita tun asuba, ba ya dawowa sai yara sun yi barci, sannan ya zo majalisa yana neman a yi masa dokar da za ta yi tarbiyya a madadinsa, shi ne ya fi kowa ɗaga murya a wannan batu, kuma mun lura da hakan.

Abin da muke roƙon dattawa shi ne a jingine waccan sanarwa. A maimakonta a zaɓi mutum uku ko huɗu, cikinsu lalle a samu mace da malami da matashi, su riƙa duba abin da ke fitowa suna faɗa wa jama'a a wannan shafi wanda ya dace da yara, da wanda sai da babba a kusa, da wanda ba ya shiga gida. Masu cewa a hana gaba ɗaya muna gayyatarsu su fara shiga wannan kwamiti, da sharaɗi guda: su zauna su kalli kashi biyar na Daɗin Kowa daga farko har ƙarshe, tare da jikokinsu, kafin zama na gaba.

Wassalamu alaikum.