Sauya Allon Ƙofa Ba Shi Ne Gyaran Aiki Ba

Jami'ar tarayya da ke Yola ta sauya kama sau biyu cikin shekara goma. An kafa ta a 1981 a matsayin jami'ar fasaha, aka raɗa mata sunan Modibbo Adama a 2011, sannan a 2021 doka ta buɗe mata ƙofar koyar da sauran fannonin ilimi. Daga bisani asibitin tarayya na Yola ya zama asibitin koyarwarta.

Rattaba hannu kan irin wannan doka aikin minti guda ne. Masu ɗaukar nauyinta kuwa su ne akawu da malami da ma'aikaciyar jinyar da ke sammako daga Jimeta. Idan shugabansu bai zaunar da su ya fayyace musu abin da ya sauya a aikinsu ba, to an yi tuya an manta da albasa.

Wannan darasi ya shafi Abuja. A Fabrairun 2024 gwamnati ta amince da aiwatar da rahoton Oronsaye na 2012 kan haɗe hukumomi. Sai dai hukuma biyu da aka haɗe, alhali kowace takarda tana jiran sa hannun mutum ɗaya, cunkoso kawai za ta ƙara.

Saboda haka, ya ku daraktoci da hadimai, ku sakar wa na ƙasa ikon yanke ƙananan hukunce-hukunce, ku kuma saurare su kafin a rubuta sanarwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.