Fila Ba Gyara Ba Ce

Maganar wannan makon ta ƙarfe ce da guduma, kuma na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba, musamman masu ƙani ko miji fanel bita. A daure a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Duk wanda ya ɗauki tsohuwar mota da sunan zai dawo da ita yadda take a da, ya cike ramukan jikinta da fila, ya fesa fenti mai ƙyalli, to bai gyara ta ba, binne ta ya yi da ranta. Uzurin da ake ta kawowa kuma, wai ba mu da injinan Turawa, bai karɓu ba, domin mafi yawan aikin siffanta ƙarfen mota da kayan da ba su fi cikin buhu ɗaya ba ake yin sa.

Ga wanda bai san fila ba: wani kwaɓi ne na roba da hoda, a zuba masa ɗan maganin da ke sa shi daskarewa, cikin 'yan mintuna ya yi tauri, a bi shi da samfefa ya yi sumul. A Amurka ya yaɗu, inda samfurin Bondo ya fito a 1955, har sunan ya zama sunan kowace irin fila a bakin mutanensu. Kafin zuwansa da narkakkiyar dalma ake cike ƙananan lotsawa, kuma ba na kewar wancan zamanin, dalma guba ce. Ita fila ba haramun ba ce a sana'ar. An yi ta ne domin a shafa siriri a kan ƙarfen da aka riga aka daidaita, ta rufe 'yan tabon da guduma ta bari. Matsalar ita ce an mayar da abin shafawa abin gini. Hodar da ke cikinta tana shan danshi, don haka idan aka ɗora ta a kan tsatsa ko a kan huji, ruwa ya samu ɗaki. Sannan ƙarfe yana buɗewa da zafi ya tsuke da sanyi, ita kuwa ba ta bin sa daidai. Motar da ke shan ranar watan Afrilu, ta sha sanyin asubar hunturu, ta sha girgizar ramukan hanya, ba ta daɗewa fentin zai fara tsagewa, daga baya wani ɓangare ya ɓalle kamar ɓawon rogo, a ga jan ƙarfe ruɓaɓɓe a ƙasa.

A Ingila da Amurka akwai mutane da yawa da suka mayar da gyaran tsofaffin motoci abin sha'awa. Za ka ga malamin makaranta ko ɗan fansho ya ware garejin gidansa, ya shekara biyu ko uku a kan mota ɗaya. A wannan duniyar, darajar mota tana cikin ƙarfenta. Mai saye yana zuwa da mayen ƙarfe ko na'urar auna kaurin fenti, ya bi jikin motar taku-taku, duk inda ya ji kauri ya rage kuɗi. Shi ya sa mai gyaran gaske yake alfahari da hoton motarsa tsirara, ba fenti, ƙarfe fari tas, kafin ya nuna ta da kwalliya.

To yaya ake sa falle ya zama fenda? Ƙarfen jikin irin waɗannan motoci kaurinsa bai wuce kusan milimita ɗaya ba, kuma abu uku kawai ake yi masa: a lanƙwasa, a shimfiɗa, a tsuke. Lanƙwasawa kowa ya iya. Ilimin yana cikin biyun ƙarshe. Ku ɗauki takarda ku lulluɓe bayan ƙwarya da ita. Tsakiya za ta kwanta, gefe kuwa zai tattare. Waɗancan tattarewar su ne ke gaya wa maƙeri inda ƙarfe ya yi yawa, wato inda zai tsuke. Inda takardar ke neman yagewa kuwa, nan zai shimfiɗa. Masu sana'ar da takarda suke ɗaukar awon fenda kafin su taɓa almakashi, kamar yadda tela ke yi da yadi.

Shimfiɗawa da gudumar katako mai kai kamar ƙwai ake yi, a kan jakar fata cike da yashi. Kowane bugu yana sirantar da wurin, ƙarfen ya rasa inda zai je sai ya kumburo. Tsukewa ta fi wuya, kuma kayan aikinta kututturen itace ne da aka fafe masa rami kamar akushi. A buga gefen fallen cikin ramin har ya yi tudun tattara, sannan a bi tudun da guduma daga ciki zuwa baki, a tura ƙarfen cikin kansa, ya ƙara kauri ya rage faɗi. Bayan wannan fallen zai fito da siffar da ake so amma duk ƙuraje, kamar buhun goro. Sai a zo kan lallashi: ƙaramar guduma mai santsin fuska a sama, a ƙasa kuma dunƙulen ƙarfe da ake riƙewa a tafin hannu, wanda fanel bita ke kira doli, wato 'yar uwar maƙera ta tafi-da-gidanka.

A nan ne ake gane gwani da ɗan koyo, kuma da kunne ake ganewa. Idan guduma ta sauka daidai kan doli, ƙara ce mai kaifi, kuma ƙarfen shimfiɗuwa yake yi. Idan ta sauka a gefensa, ƙarar a dushe take, ƙarfen kuwa motsawa kawai yake, tudu ya sauka, kwari ya taso. Wanda bai san bambancin nan ba zai yi ta dukan lotsawa har wurin ya saki, ya riƙa ɓal-ɓal idan an danna kamar gindin gwangwanin madara, daga nan sai ya ce ƙarfen ya mutu, a kawo fila. Ƙarfen bai mutu ba. Ana ɗumama ɗigo ɗaya da wutar walda, faɗinsa kamar kwabo, har ya yi ja, a buga shi a hankali a kan doli, a dafa jiƙaƙƙen tsumma, wurin ya tsuke ya dawo da ƙarfinsa. Akwai kuma ƙa'idar da ake koya wa kowane ɗan koyo: lotsawa ana warware ta ne ta bayan yadda ta shiga. Inda karo ya fara taɓawa shi ne na ƙarshen gyarawa. Daga gefe ake farawa, inda ƙarfen ya yi ƙunci yana riƙe da sauran. Mai gaggawa tsakiya yake fara duka, shi ya sa aikinsa ke ƙarewa a cikin gwangwanin fila.

Ku lissafa abin da na ambata: guduma biyu ko uku, doli, jakar yashi, kututture, almakashin ƙarfe, magagarin da ake gogawa a ga tudu da kwari, da wutar walda. A ƙara da mari, wato ƙarfe mai faɗi da ake lallasa wuri da shi, wanda mutane da yawa ke ƙerawa da kansu daga tsohon sifirin na mota. Wanne ne a ciki babu shi a garinku?

Masu cewa sai da inji, ga amsarsu daga Italiya. A garin Modena akwai wani maƙerin bodi, Sergio Scaglietti, wanda ya buɗe shagonsa a 1951 yana yi wa Ferrari aiki. Shi da yaransa da guduma suke bugun fallen alminiyam a kan jakar yashi da katako. A shagonsa aka yi jikin Ferrari 250 GTO, wadda guda 36 kacal aka ƙera tsakanin 1962 da 1964, kuma saboda aikin hannu ne, ba biyu da suka yi daidai ƙwabo da ƙwabo. A 2018 an yi gwanjon ɗaya daga cikinsu a Monterey ta jihar Kalifoniya a kan dala miliyan 48 da 'yan kai. Motar da ke cikin mafi tsada a duniya, da irin kayan da ke ƙarƙashin bishiyar fanel bitan unguwarku aka buga jikinta.

Ban raina inji ba. Turawan Ingila suna da nasu salon, na'urar da ake kira tayar Ingila: wani ƙaton ƙarfe mai siffar baka, da faffaɗar taya a sama da ƙarama mai doro a ƙasa, a riƙa tura falle gaba da baya a tsakaninsu har ya ɗauki doro mai santsi kamar madubi. Da irinta aka yi jikin motocin AC Cobra na farkon shekarun 1960. Abu ne mai kyau ga babban wuri kamar rufi ko fatar ƙofa. Amma ba ta da mota ko lantarki, hannu ke tura ta, mai walda nagari zai iya haɗa jikinta. Kuma shimfiɗawa da lallashi kawai ta iya, ba ta tsuke ƙarfe. Wanda bai fahimci takarda da ƙwarya ba, ko an ba shi ita kyauta, ɓata falle kawai zai yi da sauri. Masu tallan kayan aiki a intanet sun fi son ka gaskata cewa abin da ya raba ka da gwaninta shi ne na'urar da ba ka saya ba tukuna. Ciniki suke nema.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne hannun yana nan a wurinmu. Ku shiga Panteka a Kaduna ko kasuwar Katako a Yamai ku ga yadda ake fasa tsohuwar durom a buga ta ta zama kaskon suya ko kwanon gini. Wannan zurfin da ake ba kasko, shi ne dai shimfiɗawa da tsukewar da na bayyana, ba ragi. Motocin da suka cancanci aikin ma muna da su. Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, ta zama motar shekara ta Turai a 1969, kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana ta, aka yi shekaru ana haɗa ta a Kaduna, a kamfanin da ya fara aiki a 1975, har bayan Faransa ta daina yin ta da daɗewa. Ita ce motar gwamna, motar amarya, motar haya daga Kano zuwa Jos. Yau waɗanda suka rage suna ƙarewa ta hanya biyu: ko 'yan gwangwan su sare su a auna a kilo, ko a shafe su da fila a sayar wa mai tsautsayi.

Na san abin da fanel bita zai ce, kuma yana da gaskiya rabi. Zai ce: Malam, fendar da zan buga kwana huɗu, da fila yini ɗaya ce, mai mota kuma kuɗin yini ɗaya ya zo da shi, yana tsaye a kaina yana cewa gobe zai yi lodi. Haka ne. Laifin na masu mota ne ma, mu da muke taya aiki kamar muna taya tumatir da yamma, muna duba ƙyallin fenti ba mu tambayar abin da ke ƙasa. Kuma ban ce direban haya da ke neman na cefane ya ajiye motarsa wata uku saboda ƙofa ta lotsa ba. Amma wannan uzurin yana da iyaka biyu. Ta farko, wanda ya ce maido da tsohuwar mota yake yi, ya karɓi kuɗi a kan haka, ba shi da hurumin fakewa da uzurin direban haya. Ta biyu ta fi nauyi. Motoci irin 504 salun ba su da shasi dabam, bodin shi ne ƙashin motar. Dokin ƙofa da daɓen ƙasa da ginshiƙan rufi su ke riƙe da ita ranar karo. Wanda ya cusa raga ko kwali a ruɓaɓɓen dokin ƙofa ya shafe da fila ya san abin da ya ɓoye, kuma iyalin wani ne za su zauna a kai. Wannan ya wuce ha'inci a ciniki.

Gyaran wurin da ya ruɓe hanya ɗaya gare shi: a yanke har sai an kai ƙarfe mai rai, a buga sabon falle mai kauri iri ɗaya, a haɗa baki da baki. Ɗora faci a kan faci yana barin aljihu a tsakani inda ruwa zai kwana. Waldar kuma ɗigo-ɗigo ake yi, nan da can, ana bari yana hucewa, ana bin kowane ɗigo da guduma da doli, domin walda tana tsuke ƙarfe, in aka ja ta a layi ɗaya sai fallen ya murɗe. Mai koyo a gida ya fara da tsohuwar fenda daga wurin 'yan gwangwan, ya lotsa ta da kansa ya gyara, sau goma, sau ashirin, kafin ya taɓa motar da yake so. Ya toshe kunnensa kuma, ya sa tabarau. Yawancin tsofaffin maƙeran bodi sai an ɗaga murya suke ji.

Mai kai mota gyara kuwa, ya yi sharaɗi tun farko cewa zai zo ya ga aikin kafin a shafa komai, ya kuma yarda ya biya kuɗin kwanakin. Mai saye ya naɗe ƙaramin mayen ƙarfe a ƙyalle, ya bi ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi da gindin gilashin baya. Inda ya ƙi kamawa, a tambayi mai mota dalili. Sai dai a kula, tsohuwar Landiroba jikinta alminiyam ne tun 1948, mayen ƙarfe ba ya kama ta ko lafiyarta ƙalau, ita shasinta ake leƙawa.