KAFIN KA SAYAR WA ƊAN GWANGWAN TSOHON GEM ƊIN GIDANKU, TSAYA KA JUYA BAYANSA



Yau ba maganar saitin waya ko dabarar tattalin data za mu yi ba. Wani abu ne ya tsaya min a rai. Kwanakin baya wani abokina daga Ajingi ya turo min hoton wani baƙin gem da suka tsinta a ƙarƙashin gado lokacin da ake gyaran ɗakin mahaifiyarsu. Kafin in buɗe data in ga saƙon, har ƙannensa sun haɗa shi da tsohuwar fanka da mataccen risho sun ba ɗan gwangwan, an ɗora a sikeli an biya su kuɗin da ko katin waya na sati ba zai saya ba. Da na zuƙo hoton sai na ga Sega Mega Drive ne samfurin farko, mai wurin saka iyafis a gaba da maɓallin ƙara sauti. Na kira shi, ya aika yaro, amma mai kurar ya riga ya yi gaba.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: tsohon gem ɗin da ke gidanku ba bola ba ne, kuma ba taskar miliyoyi ba ce. Kayan tarihi ne, kuma abu na farko da ya kamace ka shi ne ka san mene ne shi, kuma yaushe aka ƙera shi. Bayan nan ka ga dama ka ajiye, ka ga dama ka sayar, amma da idonka a buɗe.

Bari mu fara da inda mutane suka fi ruɗuwa. Ka taɓa cin karo da labarin cewa an sayar da kaset ɗin Super Mario Bros. dala miliyan 2? Gaskiya ne, an yi haka a Amurka a 2021, kuma a shekarar an yi gwanjon Super Mario 64 kan sama da dala miliyan ɗaya da rabi. Amma waɗannan kaset ne na asali da ba a taɓa ɓare ledarsu ba tun daga kamfani. Kaset ɗinka mai ruwan ɗorawa, wanda aka rubuta masa "9999999 in 1", wanda kuka yi shekaru kuna hura masa iska da baki kafin ya kama, ba ya cikin wannan sahu. Duk wanda ya same ka a WhatsApp ya ce wani Bature zai sayi gem ɗinka da miliyoyi amma sai ka fara tura kuɗin rajista ko na aikawa, ɗan damfara ne, ka toshe shi kawai. Irin tatsuniyar nan ce da ake yi kan tsofaffin kekunan ɗinki da rediyo, wai akwai wani sinadari mai tsada a cikinsu, mutane su farfasa kayan gadonsu su tashi a tutar babu.

To idan ba kuɗi ba ne, me ya sa zan dame ka? Ka tuna yadda gem ya shigo mana. Wani tsarabar Makka ce, wani yayan da ke aiki a Legas ne ya zo da shi hutun sallah, wani kuma an sayo shi a Sabon Gari an hau motar Wudil da shi a cinya har Gaya. A unguwa guda gida ɗaya ko biyu ne ke da shi, yara a cika a zaure ana jiran a kawo wuta, mai gem shi ne sarki. Daga baya gidajen gem suka buɗe, a biya a buga ƙwallo a PlayStation da ɗan ƙaramin janareta yana kuka a waje. Da yawa daga cikin masu gyaran waya da masu harkar kwamfuta na yau a nan suka fara sanin waya ja da fara da ruwan ɗorawa, a nan suka fara kwance na'ura su ɗaura. Wannan tarihin fasaha ne na garuruwanmu, kuma babu wanda ya rubuta shi. Idan kayan suka ƙare a hannun 'yan gwangwan, labarin ma ya bi su.

Yanzu ga yadda za ka gane shekarun abin da ke hannunka. Wayarka ta isa: kyamara, fitila da intanet.

Abu na farko, ka san iyakar shekarun. Gem ɗin gida na farko da aka sayar a duniya shi ne Magnavox Odyssey, a 1972. Atari 2600 ya fito a 1977. Nintendo ya fitar da Family Computer, wato Famicom, a Japan a watan Yulin 1983, sannan NES a Amurka a 1985. Sega Mega Drive ya fito a Japan a 1988, ya isa Turai a 1990. PlayStation na farko Disambar 1994 ne, PlayStation 2 kuma 2000. Don haka idan wani ya ce maka Mega Drive ɗinsa tun zamanin Shagari yake gidansu, ka san ƙwaƙwalwa ce ta haɗa masa shekaru, domin mulkin Shagari ya ƙare a ƙarshen 1983.

Abu na biyu, kar shekarar da ka gani a jikin gem ko a fuskar talbijin ta yaudare ka. Wannan yawanci shekarar haƙƙin mallaka ce, ba ranar da aka ƙera naka ba. Nintendo ya ci gaba da ƙera Famicom a Japan har 2003, ka ga shekara ashirin ke nan tsakanin na farko da na ƙarshe.

Abu na uku, juya shi ka karanta sitikar da ke ƙasa. Lambar samfuri ita ce katin shaidarsa. Famicom na asali, fari da ja, lambarsa HVC-001, hannayensa a manne suke da jikinsa ba a cire su, kuma hannu na biyu yana da ɗan makirufo. Waɗanda aka fara yi maɓallansu na A da B masu kusurwa huɗu ne na roba, daga baya aka koma zagayayyu. Wanda aka sake wa fasali a 1993 lambarsa HVC-101. A ɓangaren Sega, babba mai wurin iyafis shi ne na farko, ƙarami mai murabba'i, Mega Drive II, daga 1993 ne. A PlayStation kuwa ka nemi lambar da ta fara da SCPH. Lambar ƙarshe tana gaya maka ƙasar da aka yi shi dominta: 0 Japan, 1 Amurka, 2 Turai. SCPH-1002 na farko-farko ne, yana da ramukan ja da fari da ruwan ɗorawa a bayansa. SCPH-9002 na 1999 ne, an cire masa faffaɗan ramin nan na baya. Ɗan ƙaramin PSone, SCPH-102, na 2000 ne. A yawancin PlayStation 2 akwai wata 'yar lamba da harafi a sitika, misali 4D: lambar shekara ce, harafin kuma zangon wata uku-uku ne, wato 4D na nufin tsakanin Oktoba da Disambar 2004. Idan kuma Allah Ya sa Atari 2600 ne, ƙirga maɓallan da ke samansa: masu shida su ne na farko, masu huɗu sun zo daga 1980, baƙi ƙirin ba adon katako daga 1982.

Abu na huɗu, idan sitika ta goge, sai a leƙa ciki. Cire shi daga wuta tukuna, ka kwance da sukundireba a hankali, ko ka kai wa mai gyaran rediyo ya buɗe a gabanka. A kan baƙaƙen ai-si ɗin da ke fanel sau da yawa za ka ga lamba huɗu, kamar 8634. Biyun farko shekara ne, biyun ƙarshe mako: 1986, mako na 34. Ka haska fitilar waya ka ɗauki hoton kowanne, ka nemi wanda ya fi kusa a cikinsu. Ba za a haɗa gem kafin a ƙera kayan cikinsa ba, saboda haka an yi shi ne bayan wannan makon, galibi ba da nisa ba. Sai dai ka lura, idan ka ga alamar sabon dalma a ƙafafun wani ai-si, wataƙila mai gyara ne ya canza shi daga baya, kar ka yi lissafi da shi.

A nan ne kuma za ka gane na asali da kwafi. Idan ka buɗe ka ga 'yar ƙaramar fanel da wani baƙin ɗigo kamar an ɗiga kwalta, sauran wuri duk fanko, to kwafi ne, irin su Terminator da PolyStation. Shi PolyStation ɗin ma siffar PlayStation gare shi, amma kana ɗaga murfin sai ka tarar da ramin kaset maimakon wurin faifai.

Ga inda na saba da masu tara kayan nan na ƙasashen waje. Su a wurinsu kwafi ba shi da daraja. Ni a ganina, mu nan shi ne ma ainihin tarihinmu. Yaro nawa ne a Kademi ko Toranke ya taɓa riƙe Famicom ɗin Japan? Abin da muka sani shi ne kwafin nan mai bindigar harbin agwagwa. Saboda haka ka ajiye shi, ka kira shi da sunansa na gaskiya, kar ka sayar wa wani a matsayin na asali. Algus haram ne ko a gem ne.

Sai gargaɗi mafi muhimmanci, domin a nan aka fi yin asara: kar ka yi gaggawar jona shi da wuta don ka ga ko yana yi. Wutarmu 230 ce. Kayan Japan 100 suke sha, na Amurka 120. Ka jona PlayStation mai lambar ƙarshe 0 ko 1 kai tsaye a soket, ƙauri kawai za ka ji, sai da na'urar rage ƙarfin wuta. Adafta ma ba kowacce ba ce, ko da bakinta ya shiga. Ta NES ɗin Amurka irin wutar da take fitarwa daban ce da wadda Famicom ke buƙata, tana iya ƙona shi. Ta Mega Drive na farko da na biyu ma ba ɗaya ba ce. Karanta abin da aka rubuta a ƙasan gem, ka gwada da na jikin adafta. Idan kuma ya kama amma hoto ya fito ba kala ko yana rawa, ba lallai ya lalace ba: tsofaffin talbijin ɗinmu tsarin PAL ne, kayan Japan da Amurka kuma NTSC.

Na san wani zai ce, Malam, ana fama da tsadar masara kana maganar kayan wasan yara? Wani kuma ya ce ai gem ɗin nan shi ya hana wasu karatu da zuwa Islamiyya. Ban musa ba, an yi haka, kuma iyayen da suka riƙa kora yara daga gidan gem suna da hujjarsu. Wani ma zai ce duk wasannin nan yanzu ana buga su a waya, me za a yi da akwatin? Shi ma gaskiya ne. Amma ajiye abu ba yabonsa ba ne, shaida ce cewa an yi shi. Kuma ban ce ka kashe ko sisi ba. Wanda yunwa ta matsa wa ya sayar ba zan ga laifinsa ba, abin da ke min ciwo shi ne a sayar da shi a kan sikeli alhali da an bincika sunansa an sa hotonsa, mai so zai iya biyan abin da ya fi kuɗin roba da ƙarfe. Jahilcin abin da ke hannunka shi ne asarar.

Mutanen Gaya kuwa bai kamata a yi musu dogon bayani kan darajar tsohon abu ba. Tarihin da ake bayarwa shi ne maƙeran farko da suka zauna a Dala, Abagayawa, daga Gaya suka taso neman tama. Kayan da ake zuwa kallo yau a Gidan Makama, a zamaninsu kayan amfanin yau da kullum ne, wani ne kawai ya ƙi yar da su.

Don haka ga abin da nake roƙonka a wannan makon. Ka duba saman sif, ƙarƙashin gado da tsohuwar adakar nan. Idan ka samu, ka goge ƙurar da busasshen tsumma, ka ɗauki hoton gaba da baya da sitika. Idan akwai batir a cikin wani abu ka cire, domin ruwansa yana cin ƙarfe. Ka sa shi a kwali nesa da rana da danshin damina. Sannan ka yi abin da ya fi duk waɗannan: ka je wurin Baba ko Yaya ka tambaya wa ya sayo shi, a ina, wace shekara, nawa. Ka rubuta a takarda ka saka a cikin kwalin. Lambar ai-si za ta gaya maka kusan lokacin da aka ƙera shi a Japan ko Taiwan, amma ranar da ya shigo gidanku su kaɗai suka sani, kuma ba kullum za ka same su ba.

Wanda ya samu nasa ya ajiye mana hoton sitikar a ƙasa, mu taru mu karanta lambar tare. Allah Ya sa mu dace.