Takardar Koke Kan Yadda Ake Koyar da Turanci a Makarantun Gwamnati

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi,
Ta hannun Shugaban Hukumar Ilimin Bai-Ɗaya ta Jiha.

Ranka ya daɗe,

Mu malaman Turanci ne na makarantun firamare da ƙananan sakandare na gwamnati a wannan jiha. Maganar albashi da ƙarin girma tana nan tana jiran ranarta, amma yau ba ita ta kawo mu ba. Kukanmu a kan aikin ne kansa. An ɗora mu a kan wata hanya ta koyar da Turanci wadda yaro zai shekara 9 yana bi, ya fito bai iya karanta takardar magani ba, bai kuma iya rubuta wasiƙar neman aiki ba.

Ga yadda darasi ke tafiya a yawancin azuzuwanmu. Malami ya shigo, yara su miƙe su rera gaisuwar da suka haddace. Ya juya musu baya ya cika allo da ma'anar suna da aikatau da sifa, duk a Turance. Ya karanta, su amsa da ƙarfi har a jiyo su a bakin titi. Sai a ce su kwafa. Kafin na baya su kai layi na uku an kaɗa ƙararrawa. In ka tsayar da ɗan aji 6 ka ce ya kawo ma'anar suna, zai zubo maka ita ba gargada. Miƙa masa labari mai layi biyar ka ce ya karanta ya faɗa maka wa ya yi me, sai ya sunkuyar da kai yana wasa da maɓallin riga. Wanda ya iya harshe shi ne mai jin sa, mai magana da shi, mai karanta shi, mai rubuta abin da ke ransa da shi. Amshi da kwafa ba su kai yaro ga ko ɗaya daga cikin huɗun nan.

Za a ce ai mu ne ke tsaye gaban allon. Gaskiya ne, amma ma'aikaci abin da za a tambaye shi yake yi. Idan jami'an duba makarantu suka zo, abin da suke nema shi ne lesin-not, da rajista, da tabbacin cewa darasin makon nan ya yi daidai da tsarin karatun zango, da yawan shafukan da yara suka cika, da jan biro a kansu. Da wuya ka ga wanda ya kira yaro ɗaya ya ce karanta mini nan. Malamin da ya lura rabin ajinsa ba su san sautin haruffa ba, ya dakata ya koma baya don ya ɗauko su, shi ne za a rubuta cewa yana baya a manhaja, wani lokaci har da takardar tuhuma. Wanda ya cika allo ya wuce, ko an gane ko ba a gane ba, shi ne haziƙi.

A kan sautin haruffa ne babban ciwon yake, don haka a yi mana haƙuri mu ɗan tsaya. Rubutun Hausar boko kusan kowane harafi da sautinsa guda, shi ya sa yaron da aka koya wa da kyau yakan iya haɗa kalma cikin shekararsa ta farko. Turanci ba haka yake ba: haruffa 26 ne ke ɗauke da sauti wajen 44. Wasulan Hausa biyar ne, gajeru da dogaye; na Turanci sun kai wajen 20. Kunnen Bahaushe ba ya raba p da f, yana kuma haɗa b da v, kuma in baƙaƙe biyu ko uku suka jeru sai bakinsa ya cusa wasali a tsakani. Ba kasawar yaro ba ce, ginin harshensa ne ya zo da haka. Maganinsa horon kunne da na baki, sauti bayan sauti, kowace rana, kafin a je ga jimla. Abin mamaki, wannan hanya ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Yaran da muke koyarwa da hantsi su ne ke zama gaban alaramma da asuba da yamma, kuma a can ba wanda ke tsallake babbaƙu ya faɗa farfaru, ko ya bar farfaru ya kama haɗɗatu. Kowane yaro sai ya biya nasa shi kaɗai, malam ya ji da kunnensa, sannan a wanke allo a ƙara masa. A boko kuwa sai a rera sunayen haruffa kamar waƙa na 'yan makonni, a wayi gari an rubuta cikakkiyar jimla an ce a karanta.

An gwada gyara a Arewa, ba sai mun je wata ƙasa neman misali ba. Shirin Mu Karanta a jihohin Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA a Katsina da Zamfara, sun fara ne da koya wa yaro karatu da Hausa. Abin da suka riƙe ba wani sihiri ba ne: littafi a hannun yaro, jagoran malami mai darasin kowace rana, da wani gogaggen malami da ke zuwa aji ya zauna ya ga yadda ake yi, ya gyara cikin mutunci. Mu a nan akwai ajin da littafin karatun Turanci ɗaya ne tak, na malami, shi ma wani lokaci da kuɗinsa ya saya. Labarin da ya kamata yara su karanta su tattauna, kwafarsa daga allo kaɗai kan cinye darasi biyu.

Sai maganar banakula. A makarantu da dama har yau monita na rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa a aji, a ci shi tara ko a zane shi. An ce don yara su saba da Turanci ne. Abin da muke gani da idonmu shi ne sun saba da shiru. Yarinyar da ba ta gane ba ba za ta tambaya ba, don ba ta da Turancin tambayar, Hausar kuma an haramta mata. Malamin da ya fassara kalma ɗaya mai wuya ya wuce, ya ceci minti goma, sai a ce yana lalata yara.

Mun san manufa ta sha juyi a sama. Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta tanadi a koyar da harshen uwa ko na muhalli a farkon firamare, Turanci ya zama darasi, daga baya ya karɓi ragamar koyarwa. A 2022, lokacin Minista Adamu Adamu, aka ce harshen uwa ya riƙe duk shekaru 6 na firamare. A watan Nuwamba na 2025 Minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, aka koma Turanci tun daga tushe. Ba mu zo jayayya da Abuja ba. Abin da muke cewa shi ne, in har yaro zai koyi lissafi da kimiyya da Turanci tun aji 1, to nauyin da ke kan malamin Turanci ya ninka, kuma hanyar kwafa da amshi ba za ta ɗauke shi ba. A tuna da gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970: an koyar da yara da Yarabanci shekara 6, kuma Turancinsu bai faɗi ba, domin an ba darasin Turanci ga malaman da suka ƙware a kansa. A wurinmu kuwa, duk wanda jadawalinsa ke da gurbi shi ake miƙa wa Turanci, ko da NCE ɗinsa a wani fanni ne can daban.

Yawan yara ma ya hana abin da muka sani mu aikata shi. Manufar ƙasa ta ce malami 1 ga yara 35 a firamare, 40 a sakandare. Da yawanmu muna shiga aji mai yara fiye da 100. In malami ya ba su insha'i, ya ba kowane littafi minti 3 kacal, awa 5 ke nan a kan aji ɗaya. Shi ya sa insha'i da shifta suka ɓace. Dabarar da ta rage wa mai babban aji ita ce ya raba yara bibbiyu ko rukuni-rukuni su yi hira da Turanci, wannan ya tambaya wancan ya amsa. To amma da zarar aji ya ɗau surutu, sai hedimasta ya leƙo da bulala, a ganinsa malami ya kasa riƙe yara.

Game da bitar horar da malamai, gajeriyar magana za mu yi. Sunayen da ke zuwa ba kasafai suke zama na masu riƙe alli ba. Ana yin ta a otal a babban birni, da majigi, ga mutanen da makarantunsu ba su da wutar lantarki. A karɓi alawus a watse, ba mai zuwa ya ga ko wani abu ya canja.

Ƙarshen wannan duka a zauren jarrabawa ake ganinsa. Ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci a WAEC ko NECO, kuma Turanci dole ne ga kowa a JAMB. Yaron da bai iya karatu ba a aji 3 na firamare shi ne zai zauna gaban takardar auna fahimta da taƙaitawa bayan shekara 9. Daga nan ne satar amsa ke samun kasuwa. Mai hali ya kai nasa makarantar kuɗi. Ɗan manomi da ɗan mai tireda su ne namu.

Don haka muke roƙon Mai Girma Kwamishina, da farko, a sauya abin da jami'an duba makarantu ke aunawa: duk wanda ya zo ya zaɓi yara da kansa ya saurari karatunsu, a kuma ba malami izinin komawa baya a manhaja in ya nuna dalili. Wannan bai buƙatar ko kwabo, umarni kawai yake jira. Haka ma takardar da za ta hana tara da duka a kan banakula, ta kuma halatta wa malami yin bayani da Hausa inda ya zama dole. Abin da zai ci kuɗi shi ne littafi: muna roƙon a buga ƙananan littattafan labarai masu hawa-hawa, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, waɗanda yaro zai ga kasuwarsu da gonarsu a ciki, ko da yara biyu ne za su haɗu a kan ɗaya. A ware rabin awa kowace safiya don sautin haruffa da karatu a aji 1 zuwa 3. A tura wa kowace firamare aƙalla malami ɗaya da ya karanci Turanci, a daina raba darasin kamar ragowar aiki. A dawo da bita cikin makarantu, gungu-gungu a kowace ƙaramar hukuma, da yara na gaske a gaban mai koyarwa. Kuma jarrabawar da jiha ke shiryawa da kanta, ta ƙarshen zango da ta aji 3 na ƙaramar sakandare, a sa mata kason maki na karatu a bayyane da magana, don abin da ba a ba shi maki ba, ba a koyar da shi.

Muna roƙon a ba wakilanmu dama su gana da kai da daraktocinka kafin a raba tsarin karatun zango mai zuwa, a kuma ba mu amsar wannan takarda a rubuce. Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka.

Mu ne naka masu biyayya,
Malaman Turanci na makarantun firamare da ƙananan sakandare na gwamnati.