Araha Ba Ta Ado: Kada A Sayar Wa Mutanenmu Bindigar Harbin Zomo Da Sunan Tsaro



Akwai wata magana da ke yawo a zaurukan WhatsApp na mazaɓu da majalisun dare, kuma daga bakin wasu 'yan wancan ɓangaren na jam'iyyarmu ta fito. Wai kowane gida ya kawo karo-karo, a haɗa kuɗi, za a samo ƙananan bindigogi 'yan waje masu sauƙin kuɗi a raba wa matasa su tsare gari. Suna ta kurara su: sabbi ne dal, ƙirar kamfani ce, ba baushe ba ce, harsashinta ya fi kowane araha. Ni dai na ce ban yarda ba, kuma zan faɗi dalilina a fili, wanda zai ji haushi ya ji.

Ba wai ban san halin da ake ciki ba ne. Mutumin Rimaye ko Sukuntuni ko Gachi, mutumin Mawashi ko Kofa ko Dudunni, ba ya bukatar wani ya karanta mashi labarin 'yan bindiga. Wanda ke kwana da takalmi a ƙafa ba a yi mashi wa'azin haƙuri. Tsoron gaskiya ne, fushin ma gaskiya ne. Abin da nake yaƙi da shi kawai, kada a maida wannan tsoro kasuwa.

To wace bindiga ce ma ake magana? Ita ce mai lamba .22, wadda Turawan Ingila ke ce wa tu-tu. Harsashinta tun 1887 aka fito da shi a Amurka, kuma har gobe yana cikin waɗanda aka fi saye a duniya. Amma don me ake sayensa? Don harbin zomo da kurege da ɓera a gona, don koya wa mai koyo saiti, sai kuma gasar harbin allo irin ta Olamfik a tazarar mita 50. Aikinta ke nan a ƙasar da aka ƙera ta.

Ku duba lissafi. Ƙwayar dalmar da ke fita daga bakinta ba ta kai giram uku ba. Ta AK-47, wadda ɓarayin daji ke rataye da ita, ta kusa giram takwas, kuma gudunta ya ninka na tu-tu. In aka haɗa nauyi da gudu, ƙarfin dukan AK ya ninka nata fiye da sau goma. AK na ɗaukar harsashi 30 a gida ɗaya, tana aiki daga mita 300. Ita kau tu-tu, da ta wuce kamar mita 100 ƙwayar ta fara sunkuyawa, iska ma tana iya kauda ta. Yanzu don Allah a faɗa mani, yaron da aka ba wannan aka ce ya tsaya bakin gari, ga mutum talatin bisa babura tafe, tsaro aka ba shi ko likkafani?

Kuma kada wani ya ce tunda haka ne ai ba ta da haɗari. Tana kisa sarai. Ƙwayarta in ta ɓace tana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya ta samu wanda bai ji ba bai gani ba. Ƙaramar ƙararta da rashin girgizarta ne ke sa yara su ɗauke ta kamar abin wasa. Wato a gaban ɓarawo ba ta isa ba, amma a tsakar gida ta isa ta sa uwa kuka. Wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago.

Sai maganar inganci, wadda ita suka fi tallatawa. Harsashin manyan bindigogi, abin da ke tada wutarsa wata 'yar hula ce a tsakiyar gindin kwanso. Na tu-tu ba haka yake ba. Sinadarin a cikin leɓen gindin kwanson ake zuba shi, allurar bindiga ta daki gefen. Shi ya sa yake da arahar ƙerawa, shi ya sa kuma ya fi saurin ƙin tashi, domin in sinadarin bai zagaye leɓen duka ba, allura ta daki inda babu, shiru kake ji. Danshi na lalata shi da wuri. Jikin ƙwayar akwai maiƙo, ƙura na manne mata. Ku tuna ƙurar hunturu a nan ƙasar tamu, ku tuna laimar Agusta a ɗakin ƙasa. Mai harbin zomo in ta ƙi tashi sai ya yi tsaki ya sake ɗurawa, zomo ya gudu, shi ke nan. Mai tsaron gari fa? Ba ya da damar ta biyu.

Zan yi adalci. Ba kowace bindiga mai araha ce banza ba. Akwai ta kamfanin Norinco na ƙasar Sin, JW-15, wadda kwaikwayon ƙirar Brno ce ta ƙasar Cek, kuma manoma a Ostareliya da Niyuzilan sun daɗe suna kashe zomaye da ita suna yabawa. Amma can mutum shago zai shiga da lasisinsa, a rubuta lambar bindigar, a ba shi rasit. In allura ta karye akwai wata, akwai maƙerin da ya san ta. Nan fa? Abin da zai zo mana cikin buhun masara ko ƙarƙashin katifa, wa ya gwada shi? Wa za ka maida wa in ka tarar bututun a karkace? Dillalin da ya karɓi kuɗin gayya ya kashe waya? Wannan sayen kifi ne a ruwa.

Araharta ma ta baki ce. Kuɗin bindiga sau ɗaya ake biya, na harsashi kullum ne. Kowace ƙwaya da dala ake shigo da ita, kuma kowa ya ga abin da ya samu naira: dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 500 kafin Yunin 2023, ta haura 1,500 a farkon 2024. Mutum ba ya iya harbi sai ya harba ɗaruruwa a wajen koyo. Wa zai biya? Manomin da bai gama biyan bashin taki ba? Bindigar da ba harsashi, gora ta fi ta amfani, don ita gora ba ta kai mutum gidan yari.

Eh, gidan yari. Wannan ne ɓangaren da masu tallar ba su faɗi. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Na yaƙi, sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na farauta irin su tu-tu da mai baki biyu, sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Adaka, wato ta ɗuri, ita ce ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Wanda aka kama da ta rukuni na biyu babu lasisi, ɗaurinsa na iya kai shekara biyar. Kuma a Agustan 2023 Muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin Kayode Egbetokun ya sanar cewa an dakatar da bada sabon lasisi. Ku tuna a Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisi su mallaki bindiga, sai Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba ya da wannan hurumi. To abin da gwamna sukutum bai iya ba, shugaban mazaɓa ne zai iya? Ranar da aka tare yaro a shingen hanyar Kano zuwa Katsina da ita a buhu, ɗan talaka ne zai kwana a sel. Mai gidan da ya kawo shawarar yana Abuja, wayarsa ba ta shiga.

Sannan ta wace hanya kayan za su shigo? A Satumban 2017 Kwastan sun kama bindigogi 1,100 a tashar Tin Can ta Legas, daga Turkiyya. A 2024 sun kama 844 da harsashi 112,500 a tashar Onne ta Jihar Ribas. Masu wannan fatauci ba su tambayar mai saye ko shi ɗan sa-kai ne ko ɓarawo. Kuɗin karo-karonmu zai shiga aljihun mutanen da ke ciyar da daji da makami. Mu da hannunmu mu yi wa wutar da ke cin mu fifita?

Na san abin da za a jefe ni da shi. Za a ce ai tsohon Gwamna Aminu Bello Masari tun 2021 ya ce jama'a su nemi makami su kare kansu, kuma Gwamna Malam Dikko Umaru Raɗɗa ma ya sha cewa kada a zauna a naɗe hannu. Gaskiya ne. Kare kai haƙƙi ne, addini ya yarda, hankali ya yarda. Amma ku kalli abin da Gwamna ya yi a aikace. A Oktoban 2023 ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, 'yan C-Watch, matasa fiye da 1,400, da doka, da horo, da kaki, da albashi, da shugabanni, suna aiki tare da soja da 'yan sanda. Bai tsaya bakin kasuwa ya raba bindiga ga duk wanda ya ɗaga hannu ba. Kada a ɗauki maganar Gwamna a yi wa haramtaccen ciniki rawani da ita.

Kuma mu faɗa wa juna gaskiya a matsayinmu na 'yan siyasa. Me ya sa sai yanzu da 2027 ke ƙaratowa wannan tausayi ya motsa? Wa zai riƙe jerin sunayen waɗanda za a ba? Ashe ba yaran ɓangare ɗaya ba ne? Mun ga yadda 'yan ECOMOG suka kasance a Borno, mun ga Kalare a Gombe, mun ga Sara-Suka a Bauchi, mu nan Katsina mun san Ƙauraye. Duk da sunan "yaranmu ne" aka fara. Su da adda da gora suka addabi mutane, ina ga an ƙara masu da bindiga? Makamin da aka raba don ɓarawo, ranar zaɓen fidda gwani a kan ɗan uwa za a ɗana shi. Ni shugaban matasa ne, yaran nan ni ake kira in an kama su, ni ke zuwa gaban iyayensu in an kawo gawa. Ba zan sa hannu a wannan ba.

Akwai kuma darasin 'yan sa-kai da bai kamata mu manta ba. Da yawansu jarumai ne, sun ba da rayukansu. Amma inda aka bar makami ba shugabanci, an kashe wanda ba shi da laifi don kawai kamanninsa ko harshensa, ramuwar gayya ta biyo baya, gari ya ƙone. Kankiya da Kusada Hausawa da Fulani ne a cakuɗe, auratayya ta haɗa, kasuwa ta haɗa. Harsashi ɗaya a inda bai dace ba ya isa ya rusa abin da kakanni suka gina.

To mene ne mafita, tunda ba a hana mutum abu a bar shi hannu rabbana? Gwamnatin nan tamu ce, mu muka yi mata yawo rana da dare, don haka muna da bakin tambaya.

Na ɗaya, a ƙara ɗaukar 'yan C-Watch daga mazaɓun Kankiya da Kusada, a girke su a ƙauyukan da ke bakin iyaka da Matazu da Musawa da Dutsin-Ma, da ɓangaren da ke kallon Tsanyawa ta Jihar Kano. Dagatai da limamai su tantance, kada a bar wa 'yan siyasa, har da ni.

Na biyu, a riƙa biyan haƙƙinsu kan lokaci, kuma wanda ya rasu a bakin aiki a san da iyalinsa.

Na uku, in jama'a na son karo-karo, a yi shi kan abin da doka ta yarda kuma yake ceton rai: man babur na sintiri, oba-oba, fitilun sola a mashigar gari, cajin waya, kayan tsaida jini, da motar da za ta kai mai rauni asibiti cikin dare. Kwamiti a fili, rasit a fili, a karanta lissafi a masallacin Juma'a. Labarin da ya iso minti ashirin kafin ɓarayi ya fi tu-tu hamsin amfani.

Na huɗu, maharbanmu na gado masu adaka a yi masu rajista ta hannun hakimai da DPO, a san su, a san abin da ke hannunsu, a haɗa su da jami'ai.

Na biyar, shugabannin ƙananan hukumomin biyu su fito su gaya mana nawa ke tafiya harkar tsaro duk wata. Tun 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne. Ɗan majalisarmu na tarayya mai wakiltar Kankiya, Kusada da Ingawa kuma ya tsaya kai da fata kan gyaran tsarin mulki na 'yan sandan jihohi, don a nan ne maganar makamin da ya dace da masu tsaronmu za ta warware bisa doka.

Ga 'yan uwanmu na wancan ɓangare: in da gaske tsaro kuke so, ga hannu, mu tafi tare gaban shugabanni da waɗannan buƙatu. In kuma kwangila ce, ku nemi wata, kada ku yi ta da jinin yaranmu. Ga iyaye: duk wanda ya zo karɓar kuɗin bindiga, ku tambaye shi lasisi, ku tambaye shi ko ɗansa na cikinsa na cikin waɗanda za su riƙe ta. Amsar da zai ba ku ta ishe ku.

Ku tura wannan zuwa zauren mazaɓarku. Mai ja ya zo da hujja, a shirye nake. Zagi kuma ba ya canza nauyin harsashi.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya tona asirin masu cin kasuwa da wahalarmu, Ya zaunar da Kankiya da Kusada da Jihar Katsina lafiya. Amin.