Ra'ayinmu: 'Yar Wasa Da Igiyar Aure

Yawancinmu ba a ma haife mu ba sa'ad da kamfanin Sarauniya na Kano ya fito da fim ɗin Sangaya, wajen shekarar 2000. Amma har yau in ka ambaci Zubaina a Fakuwa ko Kusada, iyayenmu mata sun san wadda kake nufi, watau Fati Muhammad, wadda ta fito a matsayin 'yar aikin gidan sarauta, Ali Nuhu kuwa ya fito a ɗan sarki.

To, mu dubi inda rayuwa ta kai su. Fati tana tsakiyar tashe ta auri abokin sana'arta, Sani Musa Mai Iska, ta bar wasa, har suka zauna a Ingila. Da auren ya mutu ta komo, ta tarar sababbin fuskoki sun cika fagen. Ta sake yin aure, shi ma bai ɗore ba, daga baya ta karkata ga harkar siyasa. Shi kuwa Ali Nuhu ya yi aurensa, bai fasa fitowa ba, ya yi ta samun ɗaukaka, har a 2024 aka naɗa shi shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Ba hassada muke yi masa ba, guminsa ne. Amma ai shi ba wanda ya ce ya zaɓa tsakanin iyali da sana'a.

Ba Fati kaɗai ba ce. Mansura Isa ta auri Sani Danja a 2007, ta ajiye wasa, shi ya ci gaba. Bayan shekara 14 da 'ya'ya huɗu suka rabu a 2021, a shekarar kuma ta fito da fim ɗin Fanan a matsayin mai shiryawa.

Mutuwar aure dai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, kuma abin da ya raba miji da mata sirrinsu ne, ba mu da hurumi a ciki. Abin da ya dame mu shi ne wannan al'ada da ta mai da ranar ɗaurin auren 'yar wasa ranar ritayarta, alhali kuwa ba fansho ba garatuti. Yarinyar da ta gama Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Kankiya tana aure tana zuwa asibiti, malamar firamare ma haka, ba mai ganin laifinsu. In auren 'yar wasa ya mutu kuwa, mu 'yan kallo, mu da muka matsa mata da cewa ta je ta yi aure, mu ne na farkon cewa 'yan fim ba su zaman aure.

Masu cewa wasan soyayya da rawa bai dace da matar aure ba, lalle suna da hujja, ba mu musa ba. Sai dai ba soyayya kaɗai ke cikin wasan kwaikwayo ba. Marigayiya Saratu Giɗaɗo, watau Daso, tana da aurenta ta yi ta fitowa har ta rasu a watan Afrilu na 2024.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, su fito fili su rubuta ƙa'idar da matar aure za ta bi ta ci gaba da sana'arta da yardar mijinta. Marubutan labari kuma, waɗanda wasunsu suna nan cikinmu a sashen koyon wasan kwaikwayo, su riƙa rubuta wa mace matsayin likita, ko alƙaliya, ko 'yar kasuwa.