A Riƙe Cikon Kafinta Sai Bayan Agusta

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun, kukan aiko kuɗi da rani a gyara gida a Jimeta ko Yola, kafinta ya kafa ƙyaure cif-cif. Damina na sauka, katako ya sha danshin Binuwai ya kumbura, tsohuwa ta kasa buɗe ɗakinta. Wanda ya ga ambaliyar 2012 da ta 2022 ya san abin ba wasa ba ne.

A ganina, a bar 'yar rata, a shafe gefunan ƙyaure da fenti har sama da ƙasa. Kada a fere shi da yawa, don da hunturu zai motse, ƙura ta shigo. Cikon kuɗin kafinta kuwa, a riƙe sai Agusta ta wuce.